Saƙon Da Na Ba Goggo Ta Kai Wa Baba

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a Anguwan Rogo, da aurena da 'ya'yana, kuma ina yi wa kaina kallon mai wayo. Shekarun nan ne na bayan rikicin da ya raba garin Jos, da kowa ya tattara ya koma cikin nasa. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifina, don haka tun daga yaye aka ba ƙanwarsa riƙona, wadda nake kira Goggo. Gidanmu a unguwar Gangare gidan kunya ne na gaske. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In na je, daga bakin ƙofa zan durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Duk abin da nake so a wurinsa, daga kuɗin littafi har zancen aurena, ta bakin Goggo yake bi. Ga shi kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, sai kunyar ta zama biyu.

Wannan takwarar tawa ita ce ta tsaya mini a rai. Ta rasu kafin a haife ni, kuma abin da kawai ake cewa shi ne 'yar Kano ce, zamanin Turawan kuza ta zo. To amma wace irin 'yar Kano ce da ba a taɓa ganin danginta ba, ko a biki ko a zaman makoki? Ni da ma akwai ni da bin diddigi. Sai na dinga bin tsofaffin matan Gangare da goro da sabulu ina jan su da hira, har wata ta yi suɓul da baka. Ta ce wace Kano, matar da ta zo Hausarta ma ba ta nuna ba? Ta ce daga wani ƙauye take a bayan Rayfield, kuma dakon ƙasa a kwano ta yi a wurin haƙar kuza kafin ta fara sayar wa leburori abinci. A nan kakanmu, wanda tela ne, ya gan ta, ta musulunta suka yi aure.

Akwai wata abokiyar aikina Kirista, mutuniyar wajajen can. Na roƙe ta ta tambaya mini, ita kuma ta riƙe abin kamar nata. Ba a jima ba ta zo da labarin wata tsohuwa da ke cewa uwarta ta auri Bahaushe a cikin gari. Wata Asabar muka shiga mota, muka ƙarasa da acaba, muna wuce tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cike. Da na ga tsohuwar zaune a gindin ginin ƙasa tana tsince acca, sai ga goshin Baba da hancinsa a fuskarta. Ta ba ni labari da irin Hausarta. Ubanta rami ne ya rufta da shi tana ƙarama, danginsa suka riƙe ta bisa al'adarsu, uwar ta fita neman abin da za ta ci. Ta ce bayan uwar ta yi sabon aure ba ta yar da ita ba, duk kaka takan zo da ɗan yaro a goye. Ita tsohuwar ce mai rainonsa, kuma a hannunta ya taɓa faɗawa murhu ya ƙone a ƙafar hagu. Na san wannan tabon, tun ina yarinya nake ganinsa in Baba yana alwala.

Abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce ba ta son komai na gidanmu, kuma ba ta neman kowa ya bar addininsa. So take ta ga ƙaninta kafin ta mutu. Ita ba za ta iya shiga Gangare ba a yadda gari yake, ga ciwon ƙafa, amma shi ai ana iya kawo shi a mota. Na yi mata alkawari da bakina.

A nan na yi abin da na saba. Maimakon in je wurin Baba, sai na tafi ɗakin Goggo, don tun rasuwar mijinta ta dawo gidan, ita ke kula da shi saboda idonsa ya yi rauni. Na zayyana mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta ce in bar komai a hannunta, irin wannan magana sai da dabara. Da na koma sai ta tare ni da fuska a murtuke. Ta ce Baba ya yi fushin da ba ta taɓa gani ba, ya ce ba shi da wata 'yar'uwa a ƙauye, kuma in na sake tayar da zancen bai yafe mini ba. Wa zai yi wasa da bakin uba? Na koma gida ina kuka, ina jin haushin Baba a raina, ina cewa ashe haka zuciyarsa take da tauri.

Na ci gaba da zuwa wurin tsohuwar ina yi mata hanya-hanya. Yau in ce Baba ba shi da lafiya, gobe in ce a bari gari ya ƙara lafawa. Ba ta taɓa nuna ta gane ba. Takan ɗaura mini acca a leda ta ce in kai masa, ni kuma in miƙa wa Goggo. Cikin wata damina abokiyar aikina ta kira ni a waya ta ce tsohuwa ta cika. Na je jana'izarta ni kaɗai daga gidanmu, na zauna a bayan mata kamar baƙuwa.

Shekara ta zagayo Baba ya kwanta a asibiti, Goggo kuma hawan jininta ya tashi, dole jinya ta dawo kaina. Ciwo ba ya barin kunya. Wata rana da hantsi ina shafa masa man zafi a ƙafa, hannuna ya kai kan tabon, sai ya yi murmushi. Shi da kansa ya ce wata yayarsa ce ta yi masa wannan, yarinya mai yawan dariya, a wani ƙauye da mahaifiyarsu ke kai shi. Ya ce bayan rasuwar mahaifiyar tasu ya so ya nemi yayar, Goggo ta ce masa ta samu labari ta daɗe da mutuwa. Ya ce har yanzu yakan yi mafarkinta. Edita, man ya faɗi daga hannuna. Na tambaye shi ko Goggo ta taɓa kawo masa wani saƙo daga gare ni a kan wannan. Ya ce wane saƙo?

Ranar ban bi ta bakin kowa ba, na gaya masa duka. Ya tambaya ko yayar tasa ta tambaye shi. Na ce ba ta da wata magana sai tasa. Ya juya fuskarsa wajen bango, kafaɗunsa suna motsi.

Da na tunkari Goggo ko gezau ba ta yi ba. Ta ce e, ta sani tun fil azal, mahaifiyarsu ma ta bar mata wasiyya ta nemi yayar tasu, ita ce ta ga bai dace ba. Wai rufin asirin gida ta yi, don kada a wannan zamani a dinga yi wa jikokinmu gorin asali. Har da cewa wata rana zan gode mata. Matar da ta goya ni, ta aurar da ni, ita ce ta dube ni ta ƙaga wa ubana baki, ta bar ni ina yi wa tsohuwa ƙarya har ta shiga kabari. Kuma ita ma yayarta ce, ciki ɗaya. Ina gaishe ta har yau saboda zumunci, amma wallahi zuciyata ba ta koma ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Abin da na koya shi ne kunya tarbiyya ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba, amma akwai maganar da ta fi ƙarfinta. Masu karatu, in kun gano wani naku da aka ɓoye, ko daga wane ƙauye yake, ko wane addini yake bi, ku kai maganar da bakinku ga wanda ta shafa, kada ku ba ɗan aike komai kusancinsa. Tsofaffi ba sa jiran mu gama jin nauyi. Tsakanin Gangare da ƙauyen nan tafiyar da ba ta kai wuni ba ce, kuma da na daure na taka cikin ɗakin Baba sau ɗaya, da sun ga juna.