Dokin Baba a Cikin Ordinata

Babana likitan dabbobi ne. A wajen aiki can kudu ya koyi eshek, wasan nan mai gidaje baƙi da fari, da sarki da doki da sojoji. Da ya aje aiki ya dawo Dakoro bai samu abokin wasa ba, kowa dara ya sani. Sai ya riƙa tara malaman lakwal, wato makaranta, a zaurensa ranar Lahadi yana koya musu. Yakan ba kowa takarda da ya zana fagen wasa a kai, ya ce a nemo yadda za a kama sarki.

Da hannunsa ya soma rawa, dokin da yake zanawa ya koma kamar akuya. Lokacin ni ce sakatariyar koleji, ni ke buga jarrabawa.

"Ɗiyata, na'urar nan taku tana iya zana doki?" ya tambaye ni wata rana.

"Ban sani ba, Baba, amma zan tambaya."

Malamin lissafin kolejinmu ne ya saka mini wani irin rubutu a ordinata, wato kwamfuta, in ka taɓa harafi sai doki ko sarki ya fito. Na shirya shafi guda na ajiye, fage a sama, layukan amsa a ƙasa, kullum daga shi nake farawa. Ya kuma nuna mini makro: ka koya wa na'ura aiki sau ɗaya, daga nan da ka danna maɓalli ta maimaita. Ranar da Baba ya ga fage ya fito da kansa, sai da ya cire tabarau ya goge.

In an tashi aiki yakan zo da izinin darakta, ya zauna gefena da ƙamshin turarensa, yana faɗa ina bugawa. Sau ɗaya injin bugawarmu ya lalace, na kai aikin wani shago kusa da kasuwa. Su ba su da rubutun, sai haruffa suka fito zube cikin gidaje. Na kawo ina jin kunya. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce garkensa ya shiga lakwal.

Ban taɓa nufin koyon wasan ba. Amma wata la'asar, ina cikin jera masa fage, na ji bakina ya ce, "Ai in doki ya tsallaka nan, sarki ba shi da mafita."

Ya daɗe yana dubana. "Wa ya koya miki?"

"Kai mana, Baba."

Lahadin nan ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Kafin shayi ya nuna ya cinye ni, ya sake jerawa ya kuma cinye ni. Haka muka yi ta yi har shekarar da ya rasu, ban ci shi ba ko sau ɗaya. Malamin lissafi ne ke riƙe da taron yanzu, ni kuma ina zuwa in yara sun bar ni.