Dattijo da Kular Gwate

A Sabon Tasha, Saratu na jiran motar Jos ta cika, idonta na kan wani dattijo. Kwat ɗinsa ta sha guga, ya rungume kular abinci a cinya. Ya manna waya a kunne, kiɗan jita da muryar mace na fita a hankali kamar cikin mafarki. Yana kaɗa kai, amma kiɗan na kufce masa. Dattijon coci ne, in ji zuciyarta.

"Baba, waƙar yabo ce?"

"A'a, 'yata. Ƙungiyar kiɗan autata ce, Godiya. Yau suke wasa a Jos. Gwaten acca zan kai mata."

"Ta san kuna zuwa?"

Ya daɗe yana shafa murfin kular.

"Ni na fasa mata jitarta ta farko."