Ɗantani Gudun Kunkuru

Duk wanda ya ci kasuwar Ajingi a da ya san Kawu Ɗantani, mutumin Toranke mai jakuna, shi ne dai wanda yake zama gindin tsamiyar wanzamai a kan wata tsohuwar fatar damisa yana ɗaga hanci kamar shi ya kashe ta. Ba shi ya kashe ta ba. Ko ɓera bai taɓa kashewa ba, in za a yanka kaza a gidansa ma matarsa Hanatu maƙwabta take aikawa. Fatar ta tsohon Sarkin Baka ce, da zai rasu ba shi da magaji sai ya ce a ba wanda ya fi kowa sanin daji, to daga nan rigima ta tashi, don mutum biyu suka ce su ne, Ɗantani da yake ratsa daji da jakunansa yana kai gyaɗa Gaya, da Da'u mai zuma na Gafasa.

Tukur wanzami shi ya raba gardamar tun wajen shekarar da aka sami mulkin kai. Ya ce kowa ya nemi igiyar rama, duk irin naman dajin da ya gani ya yi ƙulli, iri ɗaya ƙulli ɗaya, ko garken barewa ka gani ɗaya ne. In an gama cire gyaɗa, kasuwar farko, kowa ya kawo igiyarsa yana shafa ƙulli yana faɗin dabba da inda ya gan ta. Wanda ya fi ya zauna kan fata har baɗi, in kuwa aka yi kunnen doki a tsaga fatar biyu da aska.

Kai, lokacin daji yana daji! Igiyar Ɗantani sai ya naɗe ta a wuya, kura, dila, gada, barewa, mugun dawa, biri, beguwa, yanyawa, yana faɗa mutane suna kabbara. Shekara ɗaya Da'u ya so ya yi masa wayo, ya ƙulla kurar gardawa da aka kawo wasa kasuwar Gaya da takunkumi a baki. Ɗantani ya miƙe har rawaninsa ya warware.

"Baba Tukur, wannan ai zalunci ne! Kurar da ake ba tuwo a akushi? Daga yau dabba ba ta shiga igiya sai an yi gudu, ko ita ta guje ka ko kai ka guje ta."

Kowa ya ce gaskiya ne, Tukur ya sa aska ya yanke ƙullin. Ɗantani ya daɗe yana alfahari da dokar nan, har cewa yake yi ko alƙalin Gaya ba zai iya tsara irinta ba.

Sai gyaɗa ta yi daraja, kowa ya shiga saran daji, shi kansa Ɗantani kurmin da yake ganin gada shi ya share ya yi gona, ya dawo kuma yana cewa namun dajin yanzu ba su da amana. Igiya ta dinga gajarcewa, daga wuya ta koma aljihu. Da aka shiga shekarar fari kuwa, bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru, abin ya zama abin tausayi, zomo, kurege, gafiya, damo, bushiya, har jaɓa ya ƙulla. Ya so ya ƙulla jakin maƙwabcinsa da ya tsinke ya kwana a daji, Hanatu ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, jakin nan har sunansa na sani." Duk da haka ƙulli tara ya haɗa, ya san Da'u ba zai kai ba, don ƙudan zuma ma sun yi ƙaura.

Saura kasuwa ɗaya a kawo igiya sai ga Da'u ya faɗo gindin tsamiya yana jan tasa a ƙasa da gangan. Ƙulli goma sha bakwai! Zaki, giwa, jimina, raƙumin dawa, kada. Ashe Kano ya kai zuma, aka nuna masa sabon gidan zu da gwamnati ta gina, inda aka tara namun daji a keji.

Ɗantani ya yi dariya har da ƙwalla. "Na keji? To ina gudu? Ka manta dokata, ɗan Gafasa?"

"Ni na gudu," in ji Da'u. "Zaki ya yi gurnani na gudu, giwa ta ɗaga hanci na gudu, takalmina ɗaya ma yana can. Kwandastan motar Gaya yana wurin, a tambaye shi."

Aka tambaya, kwandasta ya ce wallahi bai taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Tukur ya ce to doka ba ta ce dole sai a daji ba, gudu ta ce, kuma an yi.

Ranar nan Ɗantani ko tuwo bai taɓa ba. Fatar nan fa gashinta duk ya zube, in ba an gaya maka ba sai ka ce buzun akuya ne, amma ita ce ta sa ake fara miƙa masa goro, ita ta sa ake ce masa Kawu maimakon mai jakai. Hanatu ta ce ya bar wa Da'u ko ta huta da shanya ta. Ya ce ita mace ce ba ta san daji ba. Washegari ya sha babbar riga, ya ɗauki Tukur a matsayin shaida, Da'u ya ce shi ma sai ya je ya gani da idonsa, suka hau akori-kura ta Wudil sai Kano.

Suna shiga suka tarar da 'yan makaranta cike da wurin, malaminsu yana nuna musu dabbobi da bulala. Ɗantani ya tsaya gaban zaki. Zaki barci yake yi, ko kunne bai motsa ba. Ya yi gyaran murya, shiru. Sai kawai ya tattare riga ya ce, "Baba Tukur, ka shaida!" ya zura da gudu har gindin wata darbejiya, ya tsaya ya yi ƙulli, ya dawo. Giwa, gudu. Jimina, gudu. Kada da yake kwance baki buɗe kamar gungume, gudu. Yara suka watsar da malami suka bi shi, in ya gudu su gudu suna ihu, wani ma'aikaci ya zo a guje yana tambaya wace dabba ce ta ɓalle. Tukur ya ce, "Babu, ɗana, lissafi muke yi."

Wasu kejin babu komai, wasu kuma dabbobin da ya riga ya ƙulla ne a gida. Da suka zagaye wurin kaf Tukur ya shafa igiya, goma sha bakwai cif. Kunnen doki. Ya zaro askarsa yana gogawa a tafin hannu, Da'u ya ce, "Ni ɓangaren wutsiya nake so."

Ɗantani yana haki yana waige-waige, can sai ya hango wani ɗan shinge a lungu da ba wanda ya kula da shi. Ƙaton kunkuru ne yana tauna ganye.

"Wannan ka ƙulla shi?"

"Haba Kawu," in ji Da'u, "ni da 'ya'yana da surukaina? Ko ni da nake matsoraci ban yi wannan ba."

Ɗantani ya dubi kunkuru, kunkuru ya dube shi. Ya buga ƙafa ko zai gudu, ya ce masa kur, kunkuru ya shige ƙoƙonsa. Ya ce ai wannan ma gudu ne, Tukur ya ce a'a, yana nan inda yake. Yara sun yi da'ira. Ɗantani ya dubi askar nan tana walƙiya. Sai ya cire rawani ya miƙa wa Tukur, ya ce a riƙe masa, ya kwasa da gudu, wallahi ya fi na zaki sauri.

A motar dawowa Da'u ya kwashe komai ya gaya wa kwandasta, kafin su sauka a Gaya kwandasta ya riga ya raba labarin. Ranar kasuwa Ɗantani ya shimfiɗa fatarsa cikakkiya ya zauna, aka fara miƙa masa goro kamar kullum, sai dai mai miƙawar cewa ya yi, "Ga naka, Gudun Kunkuru." Sunan da ya bi shi kenan har ya bar duniya, jikokinsa ma a Toranke 'yan gidan Gudun Kunkuru ake ce musu. Shi kuwa in yara suka tsokane shi sai ya shafa fatar ya ce ai ba su ga idon kunkurun ba ne.