Ƙarfe Huɗun Kasozi

Ranar Kirsimeti na tashi ƙarfe shida. Ƙarfe bakwai matata Nakiwala ta ɗora kazar da ta naɗe a ganyen ayaba. Ƙarfe takwas saƙon ɗanmu Kasozi ya shigo daga Somaliya, inda ya yi wata tara a bakin daga: "Taata, zan kira ƙarfe 4. Ban da wa'azi, minti biyar ake ba kowa." Taata shi ne baba a yarenmu.

Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a garin Masaka na Uganda. A gidana na hana ƙirgen lokaci irin na iyayenmu, wanda ke farawa da fitowar rana, bakwai na safe ya zama ƙarfe ɗaya. Kasozi bai taɓa bin dokar ba. Agogonsa kullum a kan ƙirgen kakarsa yake. In na yi faɗa sai ya ce, "Haba malam, ai rana ta riga Bature zuwa."

Na san duk wannan. Amma da na ga huɗu, huɗun yamma na ɗauka.

Tara da rabi na bar wayar a caji, muka tafi coci. Ƙarfe goma, wato huɗunsa, ya kira sau uku. Sai ƙarfe ɗaya muka dawo. Nakiwala ta duba wayar, ta dube ni.

"Kai da digirinka, huɗun ɗanka ne ba ka sani ba?"

Na ce zai sake kira. Na zauna da wayar a hannu har rana ta faɗi. Kazar ta huce.

Washegari motar su Kasozi ta ɗiban ruwa ta taka nakiya.

Bayan an binne shi, abokinsa Kofur Ocaya ya kawo jakarsa. Ya ce ranar Kirsimetin akuya ɗaya suka yanka su arba'in, suka rataya murafun gwangwani a jikin ƙaya a madadin bishiyar Kirsimeti, suka yi waƙa. Layin waya kuwa ya yi tsawo, har Kasozi ya ba da rabon namansa don a bar shi ya gwada karo na uku.

"Da ba a ɗauka ba me ya ce?"

"Dariya ya yi, baba. Wai tsoho na can yana gyara wa Fadan coci lissafi."

Na tambaye shi me Kasozi ke son gaya mini. Bai sani ba. Babu wanda ya sani.

Takalman na bar wa Ocaya. Bargon kuwa uwarsa ce ta ɗauka. Agogon yana hannuna, yadda ya saita shi. Tsofaffin abokan aikina kan ce mini ya kauce da awa shida. Nakan ce na sani.