Ruwan Gida

Mailafiya direba ne. A unguwar Misfala aka haife shi, a gidan da kakansa ya kama bayan ya iso Makka da ƙafa daga Sakkwato. Shekara talatin da huɗu yana jigilar alhazai, hanyar Tabuka kuwa ya bi ta ba adadi, amma ko taya ce ta yi faci ba ya tsayawa a Mada'in Salihu. Tun yana yaro malaminsa ya gaya masa cewa gidajen Samudawa ne da aka halaka, ba a shiga sai da kuka, ba a shan ruwan wurin. In ya zo daidai nan, sai ya ja rawani ya rufe hanci, ya ƙara wuta.

Sai ga autansa Marwan ya sami aikin zagayawa da baƙi a cikin duwatsun nan. Shekara uku Mailafiya bai amsa wayarsa ba. Ranar da likita ya ce ƙodarsa ta gaji, kada ya yi wasa da shan ruwa, matarsa Zubaidatu ta ce, “Alhaji, haka za ka tafi da fushin yaron nan?”

Ya shirya tafiya wajen yaron. Ta ba shi ƙullin tsaraba ya kai wa Marwan, dabino da gorar zamzam. Bai ko buɗe ba, da ya isa ya miƙa, Marwan ya zuba a jakarsa ta aiki.

Da hantsi suka shiga. Ƙofofi ne sassaƙaƙƙu a jikin jan dutse, ɗakuna ba kowa, yashi ya cinye matakala. Baƙi na ta ɗaukar hoto suna dariya, shi kuwa Mailafiya hawaye yake, yana istigfari, yana bin ɗansa daga wannan dutse zuwa wancan. Ya ga yadda yaron ke bayani, ya ji daɗi a ransa, bai faɗa ba.

Wajen azahar leɓen Mailafiya ya bushe. Marwan ya ciro gorar, ya miƙa wa uban.

“Abuya, moya, ruwa. Sha.”

“Ba ni sha.”

“Wallah na gida ne.”

“Gidanka ai a ƙasarsu yake. Kai da ka saba, sha abinka.”

Hausar Marwan ba ta da yawa, zuciya kuma ta taso masa. Da ya ce gida, gidan Misfala yake nufi. Kalma ɗaya ta rage ya faɗa, sai ya rufe gorar ya wuce gaba.

A ƙofa ta gaba Mailafiya ya zauna, bai sake tashi da ƙafarsa ba. Kwana shida ya yi a asibiti bai san wanda ke kansa ba. Marwan na gefen gado yana tsoma auduga a gorar yana shafa masa a leɓe, yana cewa, “Zamzam ne, Abuya. Zamzam ne.”

A Makka aka yi masa sallah. Marwan bai koma aikin ba.