Furar da Baba Bai Sha Ba

Direba aka ɗauko ni, haka ma aka rubuta a iƙamata, wato takardar izinin zama, amma da na iso gidan kafilina, Balaraben da ya ɗauke ni aiki, a unguwar Al-Shifa, sai na tarar rabin aikin ba na sitiyari ba ne. Mahaifinsa ne, tsoho tukuf, ga ciwon sukari ga mantuwa. Baba muke ce masa, mu ma'aikatan gidan. Da na sauke yaran gidan a makaranta sai in dawo majalisi, wato falon baƙi, in zauna da shi, labule a sauke, sanyin na'ura yana ratsa ƙashi, ba ka sanin hantsi ne ko la'asar.

Baba ba ya tuna ya ci abinci. Zai share farantin kabsa, shinkafa da kaza, in wanke masa hannu, kafin ruwan ya bushe ya dube ni ya ce, "Ya waladi, ɗana, yaushe za a kawo na rana?" In an ƙara masa, sukari ya hau. In an hana shi, ya fashe da kuka, wai 'ya'yansa sun bar shi da yunwa. Wallahi kukan tsoho ba daɗin ji.

Ran nan na rasa ta cewa, sai na kama ba shi labarin abin da ya ci da gurgun Larabcina. "Haba Baba, ba kai ka cinye cinyar nan ba? Har ka ce shinkafar ta yi yaji, ka kora da madara." Sai ya shafa ciki ya ce alhamdu lillahi. Ikon Allah! Ashe cikin mutum ma sai an tuna masa. Daga nan kullum haka muke yi, kuka ya ragu, kafili har da dafa mini kafaɗa.

To amma yau kabsa gobe kabsa, labarin ya gundure ni. Ga kewar gida tana cina. Ban san sa'ad da bakina ya zame ya koma ƙauyenmu na wajen Maradi ba. Na ce masa, "Baba, ka manta mun je wurin innata? Ta shimfiɗa mana tabarma a gindin itacen bedi, ta dama fura a sabuwar ƙwarya, nonon safe, mai sanyin randa." Inda Larabci ya ƙare sai in ci gaba da Hausa, bai taɓa cewa bai gane ba. Yakan lumshe ido, leɓensa na motsi kamar mai kurɓa. Ni ma sai in lumshe nawa. Majalisin ya ɓace, in ji ludayi yana bugun ƙwarya, in ji awaki, in ji ƙamshin citta da kanumfari a hannun inna. Mu biyu sai mu yi ta zama a can har ladan ya kira salla.

Abin mamaki, tsohon da ba ya riƙe abin da ya ci ɗazu, furar nan ta zauna masa daram. Aka fara kawo abinci yana ture tire. "Na ƙoshi," in ji shi. "Yanzu muka tashi daga wurin mahaifiyar wannan." Da fari dariya ake yi. Sannu a hankali riga ta fara yi masa yawa, zoben hannunsa yana zamewa. Likita ya ce in bai koma cin abinci ba sai an kwantar da shi. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ni na san wanda ya cika masa ciki da iska.

Na ce, "Baba, ba mu je ko'ina ba fa, labari ne." Ya yi dariya ya ce ni ne mai mantuwa.

Wata azahar aka ajiye tire, ya kau da kai kamar kullum. Na zauna kusa da shi, na ce bari in ba shi wanda ban taɓa ba kowa ba a ƙasar nan. "Baba, yau inna ba ta dama ba. Damina ta ƙi, rumbu babu ko zangarniya. Anza muke ci, 'ya'yan daji masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Inna ta raba mana, ta ce ita ta riga ta ci. Ba ta ci ba, Baba, ina kallonta."

Ya juyo ya dube ni. Sai ya jawo tiren, ya tura shi gabana. "Ci, ya waladi."

"Ba na ci ni kaɗai, Baba. A gidanmu ba a yin haka."

Ya yi bisimilla ya sa hannu, ni ma na sa. Muna ci yana yagar naman yana turowa gefena. Da muka kai rabi sai ya riƙe mini wuyan hannu, ya ja layi da yatsa a tsakiyar shinkafar.

"Tsaya haka," ya ce. "Wannan na mahaifiyarka ne."