Hannun Bappa Juli

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, mutanen garinmu kuwa da sun karanta layi biyu za su gane ni. Kafin in lalace, ni mai amalanke ne a wani ƙauye kusa da Gangara, cikin yankin Gazawa. Lakol, wato makarantar boko, a aji biyar na bar ta, ba korata aka yi ba, kaina ne ya ƙi zama. Mahaifinmu Abdu ya rasu ina ƙarami, sai yayana Sani ya riƙe gidan, da ni da Inna. Shi ya saya mini jaki da amalanke, ya ce in riƙa kai wa mutane kaya kasuwa, in na dawo in taya shi aikin gona. Yaya Sani mutum ne mai sanyin hali, ko jakin na zaga sai ya ce in bar shi, shi ma gajiya yake yi. Ni kuwa wannan haƙuri nasa haushi yake ba ni, gani nake tsoro ne.

A bayan kasuwar Gazawa akwai wani gidan kallo da aka kewaye da zana, talabijin ɗaya, da inji mai yawan tari. Ranar kasuwa bayan azahar ake sa fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Nan na gamu da fim ɗin da ya shiga kaina ya ƙi fita. Labarin wani saurayi ne da aka kashe wa yaya, ya ɗaura jan ƙyalle a wuyan hannu, ya rantse ba zai kwance ba sai ya gama da waɗanda suka yi kisan. 'Yan sanda na ce masa ya jira shari'a, shi kuma yana yi musu wani kallo na raini. Yana tafiya a hankali, kiɗa na tashi, in ya kai duka ɗaya mutum uku ke zubewa. Na kalle shi har ina riga mai fassarar faɗin magana. Na yagi gefen wani tsohon jan zanen Inna na ɗaura a hannu, alhali ba a yi mini komai ba balle in rama. 'Yan kasuwa suka sa mini suna Ɗan Indiya. Ba'a suke yi mini, ni kuma na karɓa da hannu biyu.

To, jarumi ba ya bin jaki da silifa a ƙafa. Ina son baƙin tabarau, da takalmi mai igiya, da ƙwayar da abokai suka ce tana cire tsoro. Na fara da ɗibar tiya guda ta gero daga kowane buhun da aka ba ni in kai kasuwa. Ba wanda ya lura, sai na koma kaji, daga kaji sai awaki da tumaki. Akwai wani mahauci a Agiye da ba ya tambayar inda dabba ta fito. A wannan sana'a na koyi karanta kunnen dabba. Kowane makiyayi yana da shaidarsa, tsaga ko gutsure a kunne, kuma ɓarawon da bai san shaida ba zai kai akuya kasuwar da mai ita yake ci. Na san kunnuwan garken yankinmu fiye da yadda na san baƙaƙen da aka koya mini a lakol, har ina alfahari da haka.

Wata rana Yaya Sani ya ɗaga buhunan da ke kan amalankena ya ga akuya a ɗaure an toshe mata baki. Bai doke ni ba. Ya kwance ta, ya ja ta da kansa har ƙofar mai ita, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Da ya dawo ya ce mini ni ba mugu ba ne, kallo ne ya cika mini kai. Na ce masa namijin da ke durƙusa wa namiji ba namiji ba ne. Ya dube ni ya girgiza kai ya ɗauki fartanyarsa. Wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da muka yi, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Yamma da garinmu akwai rugar Bappa Juli, wani dogon Bafillace da ya yi abota da mahaifinmu. Tun ban san kaina ba shanunsa ke kwana a gonarmu da rani suna zuba taki, Inna na ba su gero, matarsa na kawo mana nono. Ko wannan bai hana ni sace masa tunkiya ba.

Da kaka, ƙa'idar garinmu ita ce shanu su bi burtali, kada su shiga gona sai mai gari ya yi shelar an saki gonaki. A shekarar da abin ya faru ba a kai ga shelar ba, wakenmu na nan ba a yi roro ba. Da hantsi wani garke mai wucewa ya fantsama cikin waken. Yaya Sani ya je kora, gardama ta tashi, mai garken ya ɗaga gora ya sauke masa a ƙeya. Matan da ke roro a gonar maƙwabta suka hango suka sa kuwwa. Mutumin ya kora shanunsa ya gudu, aka kama jar saniya guda da ta maƙale a shinge. A kan amalankena na ɗora yayana zuwa bakin titi, jini na fita ta kunnensa yana jiƙa katako. Daga nan mota ta kai mu gidan likita a Agiye. Bai sake buɗe baki ba, a rana ta uku ya cika.

Bayan an kai shi makwancinsa, na wuce ƙofar mai gari inda aka ɗaure saniyar, na kama kunnenta. Tsaga biyu a dama, an gutsure bakin hagu. Shaidar Bappa Juli ce, ko a mafarki na gan ta zan gane. Matan sun ce mutumin dogo ne, ya rufe fuska da rawani. Sannan ga kwana uku ana zaman makoki, kowa ya zo gaisuwa ban da Bappa Juli, an ce ya yi tafiya. Ban tambayi kowa komai ba, na riga na gama shari'ata. Inna ta gan ni ina wasa adda a kan dutse, ta zo ta tsaya a kaina.

"Juli ba shi yin wanga aiki," in ji ta. "Ka bari mai gari da jandarma su yi nasu. Ɗa guda na rasa, kada ka sa in rasa biyu."

Kallon da saurayin fim yake yi wa 'yan sanda, shi na yi wa mahaifiyata. Na ƙara ɗaure jan ƙyallen, na yi rantsuwar da na haddace.

Kwana biyu bayan haka na ji Bappa Juli ya dawo. Na sha ƙwaya, na ɓoye addar cikin riga, na same shi da la'asar a bakin rijiya yana shayar da shanu. Na tafi a hankali kamar yadda na gani ana yi, har na shirya maganar da zan faɗa masa kafin in sare shi. Da ya hango ni sai ya saki igiyar guga, ya goge hannunsa a riga, ya taho yana miƙo mini hannun dama.

"Ɗan Abdu, ya haƙuri? Yanzun nan nike shirin zuwa wurin Inna, akwai magana."

Maganar da na shirya ta ɓace mini. Na zaro addar na sari hannun da ya miƙo. Ƙarar da na ji irin ta mahauci ce in yana fasa ƙashi. Na ƙara masa a kafaɗa, na uku na nufi kai, malafarsa ta kare. Bai yi tsalle ba, bai rama ba, zama kawai ya yi a bakin komin da shanu ke sha. Hannun na reto da 'yar fata, jini na tsartuwa cikin ruwan har ya rine, shanun suka ja da baya suna huci. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya kira ni da sunana na yanka ya ce, "Mi na yi maka?"

Mazan da ke wurin suka rufe ni da duka. Haƙorana biyu a bakin rijiyar nan na bar su. Suka ɗaure ni da igiyar gugansa kamar ragon da za a kai kasuwa. Ina kwance ina tofar da jini wata mata ta zo ta tsinke jan ƙyallen daga hannuna, ta ɗaure wa Bappa Juli dantse da shi don jinin ya tsaya.

A buron jandarma na Gazawa, wato ofishinsu, mai gari ya same ni ya gaya mini abin da da na tambaya da kowane tsoho ya gaya mini. Fulani suna da al'adar da suke kira habbanaye. Mai shanu yakan ba wanda ya rasa dabba karsana ya riƙe, in ta haifa masa 'ya'ya ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Tana hannun wani, amma shaidar mai ita ce a kunnenta. Jar saniyar nan shekara biyu ke nan Bappa Juli ya ba da ita ga wani mutum da ke kiwo wajen Cadakori. Ranar da aka doki yayana, da Bappa Juli ya ga saniyar a ƙofar mai gari, shi ya faɗi sunan wanda ke riƙe da ita, shi ya shiga motar jandarma ya nuna musu hanya har aka kama mutumin. Tafiyar da ta hana shi zuwa gaisuwa ke nan, kuma ita ce maganar da zai kai wa Inna. Na yi kuka a gaban mai gari kamar yaron goye.

A gidan likita suka ƙarasa yanke hannun. Samarin rugage sun taru da baka da kibiya, na garinmu ma sun fito da nasu makaman, saura kaɗan a ƙone wurare saboda ni. Bappa Juli ne ya aiko daga kan gado cewa duk wanda ya taɓa wani bai yafe masa ba. Alƙali ya yanke mini shekara bakwai, aka kai ni gidan kaso a Maradi.

A can na tarar da wanda ya kashe yayana, tsakar gida ɗaya muke shan rana. Wasu 'yan kaso suka yi ta zuga ni, wai ga shi Allah ya kawo mini shi har gida. Kada ku ɗauka na yi hankali nan da nan. Na yi wata guda ina goga ƙotar cokali a jikin bango har ta yi tsini. Wata rana ana layin abincin rana na shaƙo wuyansa ta baya na maka shi da ƙasa, na hau ƙirjinsa da gwiwa, na fasa masa hanci da goshi. Na ɗaga cokalin zan soka masa a maƙogwaro, sai ya ɗago hannun dama a buɗe don ya kare fuska. Hannun kawai na gani, sai na ga kamar na koma bakin rijiyar nan. Cokalin ya faɗi, na mirgina gefe ina amai. Na sha horo a kan wannan, kuma daga ranar na fara sallah da gaske, wani dattijo a ɗakinmu ya riƙa biya mini karatu.

Da na fito na tarar Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta ce kafin in sha ruwan gidanta in tafi ruga. Na tafi. Shanun Bappa Juli sun ragu sosai, mai hannu ɗaya ba ya tatsa, ba ya jan guga. Na same shi a bayan bukka shi kaɗai yana cin tuwo. Matarsa ta ce tun da abin ya faru ba ya ci cikin mutane, kunya yake ji a gan shi yana kai loma da hagu. Na durƙusa, irin durƙuson da na zagi yayana a kansa. Ya dube ni, sannan ya goge hannunsa a riga kamar wancan karon ya miƙo mini.

"Ka yi haƙuri, ɗan Abdu," ya ce, "hagu ce."

Ya ce ya yafe mini tun ina can, amma yafiya ba ta jan ruwa, ga guga nan. Tun daga ranar ni ke shayar da shanunsa safe da yamma kafin in ɗaura wa jakina amalanke, kuma zan yi ta yi har ɗayanmu ya bar duniya.

Ku samari, ban ce kada ku yi kallo ba, amma ku bar abin da kuka gani a cikin zanan gidan kallo, kada ku fito da shi. Tiyar geron da ba taku ba kada ku ɗiba, daga nan nawa ya fara. In an cuce ku zuciya ta hau, ku zauna ku tambayi manya kafin ku ɗauki ƙarfe, in uwa ta ce ku tsaya ku tsaya. Fim ɗin nan awa uku yake yi, a kashe inji, kowa ya tafi gida da hannuwansa biyu, har wanda aka sara a ciki. Bappa Juli kuwa yau shekara tara ke nan yana cin tuwo da hagu a bayan bukka, kuma ni na ja masa.